Yadda Na'a-na'ar Umma Ta Sauko Daga Bene

Malam Lukmanu ɗan tela ne, jikan tela. A layinsu na Funtuwa gidansu ne kaɗai ba ya fita gona da damina, hatsi ma saye suke yi. Shi ya sa ya tashi yana iya bambance shadda da yadi ko da idonsa a rufe, amma da za ka nuna masa gero da dawa suna ƙanana, sai dai ya yi maka canke. Da ya gama sakandare ya samu aikin gwamnatin tarayya a Legas, aka zaunar da shi gaban allon waya na wata ma'aikata. Shi ke ɗaga kira, ya saurari wanda ake nema, ya haɗa layi. Da aka kwaso ma'aikatu zuwa Abuja a farkon shekarun casa'in, aka kwaso har da shi, aka ba shi gida a hawa na biyu na wani bulok a Eriya Tu, cikin Garki.

Aikin ya dace da halinsa. Mutum ne mai barin ka ka kai ƙarshen maganarka kafin ya buɗe baki, in ya buɗe kuma ba ya tsawaitawa. Da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, allon ya yi shiru, aka mayar da shi sashen ajiyar fayil. Bai yi ƙorafi ba. A can ya ƙarasa shekarunsa, aka yi masa ɗan taron sallama da lemo da cincin, ya dawo gida. Daga nan rayuwarsa ta koma masallaci, teburin mai jarida, rediyo, sai barcin rana.

Matarsa Umma malamar firamare ce, ita ma ta yi ritaya. A barandarsu akwai wata tukunyar ƙasa mai ƙaramin wuya da ta saya wurin wata mata a hanyar Bwari, a cikinta kuma akwai na'a-na'a. Shekaru da yawa kenan tukunyar na nan. Kowace safiya Umma za ta tsinko 'yan ganye ta jefa a butar shayi, Malam Lukmanu ya sha, bai taɓa tambayar daga ina ƙamshin yake fitowa ba. Ya dai san akwai wani kore a baranda, kusa da inda ake jingine tsintsiya.

A shekarar da ta biyo bayan kullen korona, 'yarsu Zuhra ta haifi tagwaye a Legas, ɗaya daga cikinsu bai zo da ƙwari ba. Umma ta haɗa kaya da niyyar yin wata guda. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Malam, abinci na cikin firij, na rubuta sunan kowanne a murfi. Abu ɗaya na bar maka mai rai, ga shi can a baranda. Moɗa ɗaya da safe, ya ishe ta."

"To, Allah ya kiyaye hanya," in ji shi.

Ya riƙe amanar yadda ya riƙe aikin gwamnati. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya zuba moɗa ɗaya. Amma lokacin bazara ne, zafin Abuja ya tsaya a ka, kuma kafin azahar sai ya tarar ganyen ya langaɓe kamar an zuba masa ruwan zafi. Ya ƙara zuwa moɗa biyu. Ya koma safe da yamma. Sababbin ganyen da ke fitowa suka zama 'yan mitsi-mitsi, tsakiyar tukunyar ta zama busassun karare, koren ya koma gefe-gefe. Wata guda ya wuce, Umma ba ta dawo ba, don jaririn na asibiti. In ta kira ta tambaya, sai ya ce, "Tana nan." Ba ƙarya ya yi ba.

Wata safiya ya gama zuba ruwa kenan sai ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Catherine Kure ce, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a gidan da ke ƙasa da nasu, ita da mijinta Enoch. Mutanen Kagoro ne. Tana riƙe da farar rigar aikinta, duk ta yi ɗigo-ɗigon jar ƙasa.

"Baban Zuhra, ina kwana. Don Allah me kake wankewa a baranda kullum? Duk kayan da na shanya sai na sake wanki."

Ya ba ta haƙuri, ya ce ba wanki yake yi ba, ya kai ta ya nuna mata. Ta ce ya zuba ruwan ta gani. Ya zuba. Kafin ya ajiye moɗar, ruwan ya riga ya fito ta ƙasan tukunyar yana gangarawa. Catherine ta durƙusa, ta karkata tukunyar. Ta ramin da ke gindinta wasu fararen saiwoyi sun leƙo, sun murɗe kamar taliya. Ta danna yatsa a saman ƙasar, yatsan ya ƙi shiga.

"Ba ƙishi ke damunta ba," in ji ta. "Saiwa ce ta cika tukunyan, ta cinye ƙasan duka. Ruwa ba shi da wurin zama, sai ya bi gefe ya zo kan uniform ɗina. Ko tanka ka kawo, haka zai wuce. Yaushe rabon da a canza mata ƙasa?"

Ya ce bai san ana canzawa ba.

Catherine ta tashi a gidan da ke da lambu a bayansa, kuma har yanzu tana da 'yan tukwanen furanni a tagarta. Ta ce ya jiƙa tukunyar sosai, ya nemo bokitai ya huda gindinsu, ya samo baƙar ƙasa da ɗan yashi da tsohon kashin shanu wurin masu sayar da furanni a bakin titi. In rana ta yi sanyi ya sauko da komai bayan bulok, don ba a dashe cikin zafi.

Bayan la'asar ya sauko da tukunyar a rungume, yana hutawa a kan matakala. Ya kawo tsofaffin bokitan fenti uku da ya huda da ƙusa. Suka kwantar da tukunyar, Catherine ta riƙe kararen tana ja a hankali, shi yana bubbuga gefe. Ko motsi. Cikin tukunyar ya fi wuyanta faɗi, saiwar kuma ta cika cikin ta yi tauri.

"Sai an fasa," in ji Catherine.

Ya tsaya yana kallon tukunyar. Ya ciro waya ya kira Umma. Ta ɗauka da muryar wadda ba ta yi barci ba, yana jin kukan jariri da hayaniyar asibiti a bayanta. Ya tambayi jikin yaron, ta ce da sauƙi, ana ƙara masa ruwa. Ta ce, "Lafiya dai?" Ya ce lafiya lau, gaisuwa ce. Ya mayar da wayar aljihu, ya ɗauki dutse ya yi bismilla.

Abin da ya fito bai yi kama da tsiro ba. Dunƙule ne mai siffar tukunyar sak, saiwa ta zagaye ta sake zagayewa, ta naɗe kamar gammo, ƙasar da ta rage a ciki ba ta cika tafin hannu biyu ba. Catherine ta ce ya hau ya ɗauko wuƙa mai tsawo. Ya dawo da wuƙar burodin Umma. Ta ce ya yanke gindin dunƙulen, kaurin yatsa biyu, ya yar. Sannan ya tsaga shi gida huɗu.

"Sista, ba za ta mutu ba?"

"Na'a-na'a? Baba, yanka kawai. Idan ka bar shi haka ne zai mutu."

Ya yanka. Ƙamshi ya tashi har wasu mata da ke ɗibar ruwa a famfo suka juyo. Ta nuna masa yadda zai sa yatsu ya warware saiwar da ta naɗe, ya cire baƙaƙen da suka ruɓe da busasshiyar tsakiyar, ya bar fararen masu kauri, waɗanda ke da 'yan idanu a jikinsu, don daga nan sabon toho zai fito. Ta sa ya rage tsawon kararen zuwa kamu ɗaya. Wannan ya fi yi masa ciwo, don ɗan koren da ya rage ne yake zubarwa, amma ta ce saiwar da aka yanka ba za ta iya ɗaukar nauyin ganye mai yawa ba. Suka cakuɗa ƙasa da yashi da taki, suka zuba har rabin kowane bokiti, suka zaunar da kowane yanki daidai zurfin da yake a da, suka cike gefe, ya danna da tafin hannu, ya zuba ruwa har ya fito ta ƙasa. Wannan karon ruwan sai da ya ɗan jima kafin ya fito.

"Ka ajiye su a inuwa na ɗan kwanaki, kada ka bari ƙasa ya bushe," in ji ta, tana wanke hannu. "Wancan na huɗun ka ba wani ko ka zubar. Amma kada ka sa shi a ƙasa. Ka ji ko? Kada ka sa a ƙasa."

Ya ce ya ji. Ta shige gida.

Ya kwashe fasassun katangar tukunyar ya zuba a leda. Saura yanki na huɗu a kan siminti, saiwarsa fara tas, ta fi ta sauran kyau. Ya ɗauka zai kai bola, ya tsaya. A bayan bulok ɗin akwai wata 'yar siririyar ƙasa tsakanin gini da katanga, wadda Enoch ya mayar lambu. Enoch kayan gyaran mota yake sayarwa a Apo, lambun nan kuwa shi ne hutunsa na Asabar: fangalin ugu, na rama, na alayyahu, da 'yan gindin tattasai. A can kusurwa, kusa da famfo, akwai wani ɗan fili da bai wuce faifai ba, babu komai a kai. Malam Lukmanu ya duba abin da ke hannunsa, ya ga bai kai girman dunƙulen sabulu ba. Ya tona rami da wuƙar burodi ya binne shi.

Na cikin bokitai suka yi 'yan kwanaki a langaɓe, har ya fara tunanin yadda zai yi wa Umma bayani. Sai wata safiya ya ga jajayen kawuna sun huda ƙasa. Kafin ruwan farko ya sauka, bokitan sun cika da ganye masu faɗi irin waɗanda bai taɓa gani a tsohuwar tukunyar ba. Ya fara jefa su a shayinsa da kansa. Ta kusurwar famfo ita ma ta kama, ya riƙa leƙa ta in zai tafi masallaci, yana jin daɗi a ransa.

Damina ta kankama. Wata Asabar cikin watan Agusta ya ji ana kiran sunansa daga ƙasa da ƙarfi. Ya leƙo ta baranda, ya ga Enoch tsaye cikin lambu da singileti, ya ɗaga wata farar igiya da ta fi hannunsa tsawo.

"Oga Lukman! Sauko ka ga aikinka!"

Ya sauka. Na'a-na'ar ta bi ta ƙarƙashin ƙasa, ta ɓullo a tsakiyar alayyahu, ta ratsa rama, ta naɗe gindin ugu. Duk inda Enoch ya ja, sai igiyar ta taso da ƙasa da 'yan tsironsa tare. Ya yi faɗa da Hausa, ya koma Turanci, ya dawo. Ya ce irin ugun nan daga garin surukarsa aka kawo masa. Ya ce tun da yake a bulok ɗin nan bai taɓa taka ko takalmin wani ba. Maƙwabta suka fito baranda. Catherine ta tsaya a ƙofar kicin, hannu a ƙugu, ta ce, "Baban Zuhra, sau biyu fa na faɗa maka."

Malam Lukmanu ya bar Enoch ya kai aya. Sannan ya ce, "Gaskiyarka. An hana ni, na yi. Ni zan cire."

Washegari ya ari fartanya wurin maigadi. Bai taɓa riƙe ta ba, kafin hantsi tafinsa ya yi kanta. Ya sassare na'a-na'ar duk inda ya gan ta, ya kafce wurin, ya kwashe ganyen, ya hau sama ya kwanta da ciwon baya. Bayan ruwa biyu ya sauko ya tarar ta fito fiye da da. Ashe duk guntun saiwar da fartanya ta datse, ya zama tsiro mai zaman kansa. Enoch ya zo ya duba, ya yi tsaki ya wuce.

Sai ya sake dabara. Ya samo 'yar kujera da tsohuwar rariya. Ya riƙa sassauta ƙasa da ƙaramin ƙarfe, yana bin kowace igiya da yatsu har ƙarshenta ba tare da ya tsinka ba, sannan ya tankaɗe ƙasar ya tsince guntaye. Aiki ne mai cin rai, amma wanda ya shekara da shekaru yana neman fayil ɗin da ya ɓata ba ya jin tsoron irinsa. Kullum bayan asuba yana can, har rana ta ɗaga. Ya daina zuwa teburin mai jarida.

A wata Asabar Enoch ya fito ya same shi a gindin ugu, yana ƙoƙarin zare saiwa ba tare da ya taɓa ta ugun ba. Ya tsaya ya kalle shi, ya koma ciki, ya fito da tasa kujerar.

"Ba haka ba, Oga. Ka fara daga nesa, ka biyo ta. Kawo in nuna maka."

Sun fi shekara ashirin suna hawa matakala ɗaya, amma tsakaninsu bai wuce ina kwana da ina gajiya ba. A gindin ugun nan Malam Lukmanu ya ji cewa Enoch ma ya yi zaman Legas, a unguwar da ke maƙwabtaka da tasu, har suna sayen burodi a gidan burodi ɗaya. Ugun dai rabinsa bai tsira ba a wannan shekarar. Enoch bai ɓoye cewa abin ya ƙona masa rai ba, kuma ya daɗe yana maimaitawa.

Saiwoyin da aka tono sun cika buhu. Malam Lukmanu ya kasa zubar da su, amma yanzu ya san inda ba a sa su. Ya tara gwangwanayen madara da robobin ruwa da aka yanke, ya huda, ya dasa, ya jera a baranda da kan matakala har aka fara ƙorafin hanya. Enoch ya ce akwai wani mai shayi kusa da shagonsa da ke sayen na'a-na'a ƙulli-ƙulli tana bushe masa, bari ya kai masa. Ya loda wasu a but ɗin motarsa. Daga mai shayin sai makanikai, daga makanikai sai masu kawo gyaran mota. Masu gadin layin suka karɓa, matan bulok suka karɓa, limamin masallacinsu ya aika aka karɓo masa biyu.

Umma ta dawo bayan damina ta ɗauke, yaron ya murmure har ya fara zama. Ta tsaya a ƙofar baranda da mayafinta ba ta ko cire ba, ta bi bokitai da gwangwanaye da kallo.

"Malam, ina tukunyata?"

Ya ɗauko ledar ya buɗe mata, ya ba ta labari tun daga rigar Catherine har zuwa ugun Enoch, bai rage komai ba. Ta saurara. Ta tsinki ganye ɗaya ta murza ta shinshina. Ta ce tukunyar dai ba za a samu irinta ba, matar da ke yin su ta rasu. Daga baya ta shiga kicin, ya jiyo muryarta: "Wuƙar burodin tawa kuma fa, me ta sara haka?" Kwana biyu tana amsa masa magana a taƙaice. A rana ta uku ta ce ya matsar da bokiti ɗaya kusa da ƙofa, inda hannunta zai kai.

Da shekara ta zagayo, waɗanda aka bai wa gwangwani suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙorafi iri ɗaya: tana shan ruwa amma tana yaushi. Malam Lukmanu ya riƙa zaunar da su a bayan bulok. Yakan miƙa wa mutum wuƙa, ba ya kuma karɓar ta daga hannunsa. Sai ya ce ya juya gwangwanin ya duba gindi, ya zazzage, ya yanka da kansa. Yawancinsu a nan suke tsayawa, su ɗago su kalle shi. Wata ma'aikaciyar banki mai suna Vivian ta ce ita ba za ta iya ba, tausayi take ji. Ya ce to ta zauna har tausayin ya wuce, ba sauri ake yi ba. Ta zauna, ta sha shayi, ta yanka. Yakan ƙare da gargaɗin kada a sa a ƙasa, in kuwa dole ne, a binne ta da bokitinta a bar bakin a waje. In Enoch na kusa, shi ke ƙarasa bayanin, da misalai.

Bara Catherine ta yi ritaya, suka sayar da gidansu suka koma Kagoro. Kafin su tafi Enoch ya damƙa wa Malam Lukmanu lambun, da fartanya da shebur da wata tsohuwar mesa. Ya tsaya ya nuna masa fangali-fangali, abin da ake sa wa kowanne da lokacinsa. Malam Lukmanu ya saurara har ƙarshe, ya ce zai gwada.

Ya gwada tumatir a bana. Ya yi tsawo, ya yi fure, furen ya kakkaɓe, bai ga ko ɗa ɗaya ba. Alayyahun ya yi kyau, sai dai tsutsa ta riga shi. Yanzu shekarunsa sun haura saba'in, gwiwa ta fara hana shi yawan hawa da sauka, saboda haka in ya sauko da safe ba ya komawa sama sai azahar. Ranar Asabar yakan kira Kagoro. Enoch ya ce taki ne ya yi wa tumatirin yawa. Catherine daga gefe ta ce a'a, inuwar katanga ce. Ya bar su suka gama gardamarsu a cikin wayar, ya yi musu godiya su duka biyun, sannan ya je ya duba inda rana ta fi daɗewa a lambun, ya kafa tsinke a wurin saboda baɗi.